Hawan Kilimanjaro: Abin da ke kayar da ƙarfafa a saman tsauni

Ranar da muka zo darasin tsaunukan Afirka a aji, na rubuta a allo cewa tsayin Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya mita 5,895 ne, kuma masu hawansa kan yi kwana shida zuwa takwas a hanya. Sai wani ɗalibina, ɗan ƙwallo da ba ya gajiya a fili, ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai kilomita shida ma bai cika ba. Ni a yini guda zan haye." 'Yan aji suka yi dariya, amma ni ban yi ba, don irin wannan tunanin ne ke sa a sauko da manyan mutane a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

A watan Disamban 2010, Martina Navratilova, 'yar wasan tanis da ta ci gasar Wimbledon sau tara, ta kama hanyar hawan wannan tsauni don tara kuɗin taimako. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana motsa jiki, kuma ta yi shiri kafin ta tashi. Duk da haka ba ta kai ƙololuwa ba. Ruwa ya taru a huhunta, aka sauko da ita, aka kwantar da ita a asibiti a Nairobi. Ciwon tsauni ne ya kama ta, kuma shi ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa.

Me ke faruwa a can sama?

Iskar oksijin da jikinmu ke rayuwa da ita kashi 21 cikin 100 ce na iskar da muke shaƙa, a Yamai haka take, a saman Kilimanjaro ma haka. Abin da ke canzawa shi ne nauyin iskar. Yayin da mutum ke hawa, iska na ƙara zama shara-shara, kowane numfashi sai ya shigo da oksijin kaɗan. A ƙololuwar Kilimanjaro, abin da mutum ke samu a numfashi ɗaya kusan rabin wanda yake samu ne a bakin teku. A saman Everest, mai mita 8,849, kusan kashi ɗaya cikin uku ne.

Ciwon yakan fara bayyana ne daga kimanin mita 2,500. Shi ya sa mu ba mu san shi ba. Yamai tana wajen mita 200 ne sama da teku, kuma wuri mafi tsayi a Nijar, a tsaunukan Bagzan na Abzin, mita 2,022 ne. Mai son ya ɗanɗana a kusa sai ya je Emi Kusi na Chadi da ya haura mita 3,400, ko Dutsen Kamaru da ya wuce 4,000. Wanda ya taɓa yada zango a Addis Ababa, mai sama da mita 2,300, ya ji yana haki don ya hau bene hawa ɗaya, to ya ga somin-taɓi.

Jiki yana da dabarar sabawa, amma yana son lokaci. Da farko numfashi da bugun zuciya su ƙaru. Cikin 'yan kwanaki ƙoda ta daidaita sinadaran jini ta hanyar fitsari, don mutum ya ci gaba da numfashi da sauri ba tare da ya wahala ba. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini kuwa sai an ɗauki makonni. Duk wanda ya riga jikinsa hawa, shi ne ciwon ke kamawa.

Horon da ake yi a gida

Wannan ba yana nufin horo ba shi da amfani ba. Mai hawan Kilimanjaro zai yi tafiyar awa biyar zuwa bakwai kullum, ranar ƙarshe kuma a tashe shi da tsakar dare cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, ya yi sama da awa goma sha biyu yana hawa da sauka. Wanda ƙafarsa ba ta saba ba, gajiya kaɗai ta ishe shi.

Don haka masu shiri kan fara wata uku ko huɗu kafin tafiya. Ginshiƙin horon shi ne doguwar tafiya a ƙafa da jaka a baya, a fara da awa ɗaya ana ƙarawa har a kai awa biyar ko shida, wani lokaci kwana biyu a jere don jiki ya saba da tashi a gajiye. A haɗa da gudu ko tuƙa keke sau uku a mako saboda zuciya da huhu. Inda babu tudu, matakalar bene ko ta filin wasa ta wadatar, haka ma tudun rairayi. Kar a manta da horon sauka, don gangara ta fi cin gwiwa. Takalmin da za a hau da shi kuma a fara sa shi tun a gida, sabon takalmi kan fasa ƙafa tun ranar farko.

Sai ganin likita. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya nemi shawara tukuna. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: amosanin jini, wato sikila. Mai SS bai kamata ya kusanci irin wannan tsayi ba. Mai AS ma, wanda yake lafiya lau a gida, ƙarancin oksijin na iya toshe masa jini a saifa, ya ji matsanancin ciwo a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Da yawa cikinmu ba su san rukuninsu ba, alhali gwajin ba shi da wuya.

Horon da sai a kan dutse

Ƙafa ana horar da ita a gida, amma sabawa da ƙarancin iska sai a can. Ƙa'idar da likitocin tsauni suka yarda da ita ita ce: in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu.

A nan zaɓin hanya yake da muhimmanci. Hanyar Marangu ta kwana biyar ta fi arha, amma dubi wuraren kwananta: Mandara wajen mita 2,700, Horombo 3,700, Kibo 4,700. Tazarar mita 1,000 kenan kowane dare, ninki biyu na ƙa'ida. Hanyoyin Machame da Lemosho sun fi tsawo da tsada, sai dai suna ba jiki dama. A cikinsu ana hawa zuwa Lava Tower, kimanin mita 4,600, a ci abincin rana, sannan a gangaro Barranco ƙasa da mita 4,000 a kwana. Jiki ya leƙa sama ya dawo ya huta. Kuɗin ƙarin kwana ɗaya ko biyu ya fi asarar tafiyar baki ɗaya sauƙi.

Dokar Tanzaniya ba ta yarda a hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, kuma kalmar da za ka yi ta ji daga bakinsu ita ce "pole pole", wato sannu-sannu da Sawahili. Mu ma ai mun ce sannu ba ta hana zuwa. A sha ruwa sosai, a daure a ci abinci ko ba a jin yunwa, a nisanci maganin barci domin yana rage numfashi da dare. Akwai ƙwayar acetazolamide, da aka fi sani da Diamox, mai gaggauta sabawar jiki. Tana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma likita ne zai rubuta ta.

Alamomi uku, mataki uku

Na farko shi ne mai sauƙi: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, jiri da rashin barci, galibi awa shida zuwa goma sha biyu bayan isa sabon tsayi. Ɗan ƙasarmu zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ya motsa, ya haɗiyi ƙwaya ya ci gaba. Kuskure ne. Duk rashin lafiyar da ta zo a sama, a ɗauke ta ciwon tsauni ce har sai an tabbatar da akasin haka. A tsaya a inda ake, kar a ƙara hawa sai alamun sun tafi. In sun ƙi tafiya ko sun ƙaru, a sauka.

Na biyu shi ne ruwa a huhu: haki ko mutum yana zaune, tari, ƙirji na kurman ƙara, leɓe ya sauya launi, daga baya majina mai kumfa da jini-jini. Na uku kumburin ƙwaƙwalwa: mutum ya riƙa tangaɗi kamar mashayi, magana ta rikice, barci ya yi ta fizgarsa. Gwajinsa shi ne a ce ya taka layi miƙe, diddige na taɓa yatsa. In ya kasa, magana ta ƙare.

Waɗannan biyun suna kisa cikin awoyi. Maganinsu a sauka nan take, ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, kuma ba a barin mara lafiya ya sauka shi kaɗai. Tulun oksijin da magunguna irin su dexamethasone da nifedipine suna taimakawa a hanya, amma ba su maye gurbin sauka. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara kumbura yakan yi gardama ya ce lafiyarsa ƙalau, don haka tun a gindin dutse a yi yarjejeniya cewa maganar ɗan jagora ce ta ƙarshe.

Babban abin da ke sa mutane ɓoye ciwo shi ne kunya da tunanin kuɗin da aka kashe. An sanar da 'yan uwa, an saka hoto a Facebook, yaya za a koma a ce ba a kai ba? Hans Meyer, Bajamushen da ya fara kaiwa ƙololuwar a 1889 tare da Ludwig Purtscheller, sai a yunƙurinsa na uku ya yi nasara. Da ya nace a na farko, da wataƙila ba mu san sunansa ba.

Ɗalibin nan nawa ya ce har yanzu yana nan a kan burinsa, in Allah ya ba shi iko. Na ce masa madalla, amma ya fara da gwajin jini, sannan ya tara kuɗin kwana takwas.