Ranar Yada Zango A Kan Dutse: Hutun Da Ke Ceton Rai

Masana tarihi sun ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala daga Gaya suka taso, neman tama ya kawo su, shi ya sa har yau ake kiran zuriyarsu Abagayawa. Dala kuwa tsawonsa daga bakin teku bai wuce mita 534 ba, ƙasar Gaya da Ajingi kuma shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta kai mita 500 ba. Saboda haka ɗan wannan yanki ya saba da iska mai kauri tun daga haihuwa. To, yau ga ma'aikatanmu da ɗalibanmu suna zuwa taro ko karatu a Addis Ababa, wadda ta haura mita 2,300, waɗansu ma har sha'awa kan kai su hawan Kilimanjaro na Tanzaniya, mai mita 5,895. Ya kamata mai irin wannan niyya ya san abin da matafiyan duwatsu ke kira ranar sabo da iska.

Dalilin abin shi ne, gwargwadon yadda mutum ya hau sama, gwargwadon yadda iska ke yin sauƙi. A mita 5,500 iskar shaƙa da ke shiga huhu a numfashi guda wajen rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Daga misalin mita 2,500 jiki kan fara kuka: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci da ƙin abinci. Idan aka ba shi lokaci, jiki kan gyara kansa. Numfashi ya ƙara sauri, ƙoda ta daidaita jini ta hanyar yawan fitsari, bayan makwanni kuma jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Amma wannan aiki ba ya yiwuwa da gaggawa, ƙarfin ƙirji ko ƙuruciya ba sa hanzarta shi.

Don haka ne likitocin duwatsu suka kafa ƙa'ida. In an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a yi kwana biyu a wuri guda. Masu nufin gindin Dutsen Everest a ƙasar Nefal kan yi wannan zango a garin Namche, mai mita 3,440, su sake yi a Dingboche, mai mita 4,410. A Kilimanjaro kuwa, masu bin hanyar Marangu kan ƙara kwana a masaukin Horombo, wajen mita 3,700.

Sai dai kada mai karatu ya zaci ranar kwanciya ce. Da hantsi akan bar kaya a masauki, a hau ɗan tudu mai mita ɗari uku ko huɗu a hankali, a zauna kaɗan, sa'an nan a sauko a kwana a inda aka kwana jiya. Watau a ɗanɗana wa jiki wahalar gobe, a komar da shi inda zai huta. Da maraice a sha ruwa sosai, a ci abinci ko da ba a jin yunwa, a guji maganin barci.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan hikima. Madugu nagari ba ya kora ayari don jakin gaba na da ƙarfi. Yakan dubi na baya, in ya ga gajiya ya ce a yada zango. Abin da kan halaka mutane a kan dutse shi ne rowar kwana guda, da kunyar a ce wane ya gaza. Mutum ya ɓoye ciwon kansa ya ci gaba, sai ruwa ya taru a huhunsa, ya kama tari da haki ko yana zaune, ko kuwa ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi da sambatu. Waɗannan biyu kan kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Maganinsu na farko shi ne a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne.

Akwai kuma gargaɗin da ya shafe mu musamman. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da gadon sikila, da yawa ba tare da sun sani ba. Irin waɗannan lafiyarsu lau a gida, amma ƙarancin iska a kan dutse kan iya toshe jinin saifarsu. Wajibi ne a yi gwajin jini, a nemi shawarar likita tun kafin a sayi tikiti.

Wanda ya tanadi kuɗin tafiya, to, ya tanadi na wannan rana tun farko. Tafiya sannu-sannu, in ji Hausawa, kwana nesa.