Kafin a Tura Ƙasa: Alƙalin Binciken Mutuwa da Haƙƙin Mamaci

A wajenmu, mutum ya cika da hantsi, kafin La'asar an sada shi da makwancinsa. Gaggauta jana'iza sunna ce, babu mai ja. Sai dai akwai mutuwa mai lauje cikin naɗi: ɗan acaɓan da aka kama jiya garau, yau aka ce a je ofishin 'yan sanda a ɗauko gawarsa, ko leburan da gini ya rufta wa. A irin wannan, 'yan'uwanmu da yawa mazauna Agege da Mile 12 da Idi-Araba sukan ce "mun bar wa Allah", su yi ta roƙo a ba su gawa su rufe. Tawakkali yana da kyau, amma bai hana a san abin da ya kashe bawan Allah ba.

Akwai jami'in da doka ta ajiye don wannan. Turawa na ce masa korona, kuma ba shi da haɗi da cutar nan ta 2020. Sunan daga kalmar kambin sarauta ya fito, don a Ingila aka kafa muƙamin a 1194 saboda kare dukiyar sarki. Mulkin mallaka ne ya kawo mana shi. A Jihar Legas, dokar 2007 ta ɗora alƙalin Babbar Kotu a matsayin shugaba, sannan majistarori suna riƙe da gundumomi.

Aikinsa amsa tambayoyi huɗu ne: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, a ina, ta wace hanya. Ba ya ɗaure kowa, ba ya yanke diyya. Amma yana da ikon kiran shaidu su yi rantsuwa, ya sa likita ya binciki gawa, har ya ba da umarnin tono kabari.

Ran 12 ga Satumba 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun ya rushe, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Cocin ya ɗora laifin a kan wani jirgi da aka ce ya yi ta shawagi a kan ginin. Majistare Oyetade Komolafe, a matsayinsa na korona, ya saurari injiniyoyi da likitoci wata da watanni, ya aika wa shugaban cocin, T.B. Joshua, sammaci, bai zo ba. A Yulin 2015 ya bayyana cewa ginin ne ba shi da inganci, ba a kuma sami izinin yin sa ba, ya ba da shawarar a gurfanar da injiniyoyin. Majistare guda ya faɗa wa mai dubban mabiya abin da ba ya son ji. A ganina, duk darajar kujerar a nan take.

Don haka ake son mai riƙe da ita ya kasance ba ya cin na kowa. Ko goro bai halatta ya karɓa daga dangin mamaci ko daga wanda ake zargi ba. In yana da dangantaka da wani ɓangare, ya janye. Zamansa a bainar jama'a ne, dangi suna da damar zuwa da lauya su yi wa shaidu tambaya. Bai kamata ya bar gawa tana kwana a mutuware babu dalili ba, musamman ta Musulmi. Wanda ya ga majistare ya karkace, ya kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha. A kuma yi hattara da 'yan kanzagin bakin asibiti masu cewa a kawo na goro a saki gawa yau.

Mu ma da namu nauyin. Mutuwar hannun hukuma, ta duka, ta guba ko ta haɗari, a sanar da 'yan sanda kafin wanka da likkafani, domin wankan kansa yana iya tafiya da shaida. A Legas, binne irin wannan gawa ba da izini ba laifi ne.

Ga misalin illar gaggawa: mawaƙi Mohbad ya rasu ran 12 ga Satumba 2023, washegari aka binne shi a Ikorodu. Da surutu ya yi yawa, aka tono shi bayan kwana takwas. Likitocin da suka duba suka ce gawar ta riga ta lalace, ba za su iya tantance abin da ya kashe shi ba.