Auren Shinkafar Gida da ta Daji

Mai noman fadama, a nan Dogon Dawa ko wani wuri, ya san shinkafar daji. Ta kan zubar da 'ya'yanta tun kafin girbi, shi ya sa ake cire ta. Amma ta fi ta gida jure wa waɗansu cututtuka.

A jikin shinkafa akwai ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, 12 daga uwa, 12 daga uba. Su ke ɗauke da halin gado. Masana su kan ɗebi garin furen ta daji, su zuba a furen ta gida. 'Ya'yan farko galibi ba su yin ƙwaya, kamar yadda alfadari ba ya haihuwa. Sai a riƙa haɗa su da ta gida, shekara da shekaru, har mugun hali ya fita, nagari ya zauna.

Haka aka yi a ƙasar Filifin da shinkafar daji ta Mali. A 1990 aka sami iri mai jure cutar ƙunar ganye.

Saboda haka, jama'a, ku cire ta daga gonakinku, amma ta bakin tafki ku ƙyale ta. Jikokinku za su ci amfaninta.