Lafiyarsa Ƙalau, Amma Yana Raba Korona

A watan Mayun 2020, mutanen da aka killace a cibiyar Kwadon ta jihar Gombe suka fito suka tare hanya, suna kukan rashin kulawa. Bidiyon ya zagaya wayoyi, jama'a suka ga mutane garau da ƙarfinsu suna ɗaga murya. Nan take majalisun hira suka yanke hukunci: "Su ne masu koronar? Ko tari babu! Hanyar cin kuɗi ce kawai." Har gobe akwai masu kafa hujja da wannan bidiyo.

Abin takaici, wannan lafiyar da aka gani a jikinsu ita ce babban makamin cutar.

Ƙwayar korona tana fara sauka ne a hanci da maƙogwaro, ta yi ta hayayyafa a can. Zazzaɓi da tari da ciwon jiki sukan biyo baya, idan garkuwar jiki ta farga ta shiga faɗa. Kafin nan mutum na cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, alhali hancinsa cike yake da ƙwayoyin. Ba sai ya yi atishawa ba. Magana, dariya, waƙa, kai har numfashi, duk suna fitar da ɗigon danshi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a rufaffen ɗaki sukan daɗe suna yawo a iska. Kamar garwashin da toka ta lulluɓe ne: ba hayaƙi, ba ja, amma a ɗora masa kara a gani.

Nan ta sha bamban da 'yar uwarta SARS ta 2003, wadda ta kama mutum kusan 8,000 ta kashe 774. Mai SARS ya fi yaɗa ta a mako na biyu, lokacin da ya riga ya kwanta, shi ya sa ware masu zazzaɓi ya isa a murƙushe ta cikin watanni. Ita kuwa korona, ƙwayoyinta sun fi yawa a jiki dab da bayyanar alamu, kuma mutum kan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai.

Wani ƙaramin gari a Italiya mai suna Vo', mai mutum kusan 3,000, ya nuna haka ƙarara. Bayan mutuwar farko a Fabrairun 2020, aka rufe garin, masana daga Jami'ar Padua suka gwada kusan kowa, mai ciwo da mai lafiya. Sama da kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka samu da cutar ba su da wata alama, kuma yawan ƙwayoyin da ke hancinsu bai bambanta da na masu jinya ba. A jirgin ruwan Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta Japan, cikin mutum 712 da suka kamu, kusan rabi ba su da alama lokacin gwaji.

Su ma marasa alamar kashi biyu ne: waɗanda ciwon ke tafe nan da kwana biyu, da waɗanda za su warke ba su taɓa sani ba. Wani lissafi da masana na hukumar CDC ta Amurka suka fitar a Janairun 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da rabin yaɗuwar daga waɗannan rukunai biyu take.

To, me aka ba jama'a a nan Najeriya? Maigadi a ƙofar banki da na'urar auna zafi, yana ɗora ta a goshin kowa. Ta nuna 36, a ce bismillah, shiga. Na'urar zazzaɓi take gani, ba ta san abin da ke hanci ba. Gwamnan Kaduna na lokacin Nasir El-Rufa'i da kansa, da ya sanar da kamuwarsa ranar 28 ga Maris 2020, ya ce ba shi da alama. Da hukumomi sun riƙe wannan misali sun yi ta bayaninsa da Hausa a rediyo safe da yamma, da bidiyon Gombe bai ruɗi kowa ba. Sai aka fi ba da ƙarfi ga kulle da shingen 'yan sanda.

Ƙasar da rabin mutanenta ba su kai shekara 20 ba, dole masu ɗauke da cutar a ɓoye su yi yawa, don yara da matasa sun fi shanye ta. Saurayi ya dawo daga Kantin Kwari, ya shiga ɗakin kakarsa mai hawan jini, taga a rufe, labule a sake, ya durƙusa dab da ita: "Hajiya, ina wuni?" Ta riƙe hannunsa suna hira rabin awa. Shi ko mura ba zai yi ba. A Afrilun 2020 Kano ta yi ta binne dattawa, kuma a watan Yuni ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama da hannun korona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a Mayun 2023, amma ƙwayar na nan tana yawo. Wanda aka samu mai mura mai tsanani a gidansu ko shagonsu, ya ɗaga wa ziyarar tsofaffi ƙafa na 'yan kwanaki ko da yana jin kansa garau. In ta kama dole, a zauna a tsakar gida ko a buɗe tagogi, shi kuma ya sa takunkumi.