ZARTO MAI INJI: ZAƁENSA, DA KIWONSA, DA MAGANIN CIWONSA

Wannan takarda domin manoma ce da dagatai na Babban Duhu, da sauran ƙauyukan ƙasar Safana da ta Batsari waɗanda su ke bakin Dajin Rugu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Zarto mai inji, watau injin nan da ke yanka itace da sarƙa mai haƙora, ba yau aka fara shi ba. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya ƙera na lantarki cikin shekara ta 1926, na fetur kuma ya biyo baya a 1929. Na farkon nan, saboda nauyi, sai mutum biyu su ke riƙe su. Yau ga shi mutum ɗaya ya kan saɓa shi a kafaɗa ya tafi gona. Amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma yawancin wanda ya mutu, mai shi ne ya kashe shi, ko da mummunan mai, ko da ƙura, ko da dakusasshiyar sarƙa.

Zaɓe

Kada girma ya ruɗe ka. Babban nan da a ke kira Stihl 070, wanda masu tsaga katako a Kudu su ke so, nauyinsa ya ɗara kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. Kai da za ka sassabe rassan bedi, ka daddatsa itacen da iska ta kayar, me ya kai ka? Matsakaici ya ishe ka, mai takobi inci 16 ko 18. Takobi mu ke kiran ƙarfen nan mai faɗi wanda sarƙa ta ke zagayawa.

Kasuwa kuwa cike ta ke da jabu, masu launi da suna irin na gaske. Ka nemi lambar da aka buga jikin injin, ka karɓi rasit. Tun ba ka biya ba, ka tambaya ko a na samun sarƙarsa da fuloginsa da fistin ɗinsa a Katsina ko Dutsin-Ma, gama injin da ba shi da kayan gyara kusa, ranar da ya tsaya ya zama ƙarfen banza. Ka ga kuma lalle ya na da birkin sarƙa, watau marikin nan da ke gaban hannun hagu. Waɗansu tsofaffin manyan injuna ba su da shi.

Mai

Wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai kamar mota. Man da ke sa fistin santsi cikin fetur a ke gauraya shi, kamar tsofaffin babura masu hayaƙi. In ka zuba masa tsurar fetur, kafin ka gama itace ɗaya fistin ya yi zafi ya ciza, shi ke nan. Man da a ke so shi ne mai alamar 2T. Stihl da Husqvarna sun ce kashi 1 na man kirki cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 cikin lita 5. Masu araha da yawa 1 cikin 25 su ke so. Ka bi abin da takardar naka ta ce, ka auna da sirinji, kada ka yi da ido. Ka haɗa cikin jarka dabam, ka girgiza, sa'an nan ka zuba.

Ka yi hankali da man bumburutu. Zuba kaɗan cikin farar kwalba ka ajiye: in da ruwa, za ka gan shi ya kwanta ƙasa. Haɗin da ya wuce wata guda kuma kada ka ba inji.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa. Duk sa'ad da ka zuba fetur ka cika shi. Ka kan gwada shi haka: ka nufi sabon kututture da bakin takobi, ba tare da ka taɓa ba, ka ba inji wuta. In layin mai ya bayyana, lafiya. Baƙin man da aka tsiyaye daga mota ya na da dattin ƙarfe, ya kan cinye famfo da takobi, arha ce mai tsada.

Ƙura da sarƙa

Da hunturu, ko wace yamma ka buɗe matatar iska ka kakkaɓe. In ta yi baƙi ka wanke da sabulu, ka bari ta bushe sarai kafin ka mayar. Ka goge kuma tsagogin da ke jikin kan inji, gama ta nan ya ke shan iska.

Sarƙa kuwa ita ce zarton, inji jan ta kawai ya ke yi. Ga yadda za ka gane halinta: mai kaifi ta na fid da ɓarɓashi manya-manya, ta na shiga itace da kanta, dakusasshiya gari ta ke fitarwa kamar dusa, sai ka danna, hayaƙi na tashi. Mai dannawa haka ya na ƙone fetur, ya na ƙone takobi, ya na gajiyad da kansa a banza. Mutane su kan ɗora wa ƙirya da marke laifi, wai taurinsu ne. Taurinsu gaskiya ne, amma abin da ya fi cin haƙora a ƙasarmu shi ne yashi, da ƙasar da gara ta ke ɗamɓara wa busasshen itace. Ka kankare wurin da gatari tukuna. Kada kuma ka bari sarƙa ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya.

Wasa haƙora da zagayayyen magagari a ke yi, wanda kaurinsa ya dace da sarƙarka, an rubuta shi jikin kwalinta. Ka karkata shi digiri 30, bisa layin da ke bayan haƙori in akwai. Ka tura daga ciki zuwa waje, ka ɗaga in za ka komo. Ko wane haƙori ka ba shi daidai da na ɗan'uwansa: in uku, uku. In gefe ɗaya ya fi ci, yanka ya riƙa karkacewa ke nan. Gaban ko wane haƙori akwai ɗan tozo wanda ke hana shi nutsewa da yawa. Bayan wasa uku ko huɗu a kan rage tozon kaɗan, da ma'auni. Mai zafin hannu da ya share shi duka, injinsa zai riƙa fizga kamar ɗanyen doki.

Ɗaurin sarƙa: kada ta yi lilo ƙarƙashin takobi, kada kuma ta ƙi jawuwa da hannu, inji a kashe. In ka tashi aiki ka sassauta ta, gama in ta huce ta kan tsuke.

In ya ƙi

Ka ja igiya bai tashi ba? Dubi makunni da fetur tukuna, kada ka ji kunya, da yawa a nan ne. Sa'an nan ka kwance fulogi. In ya jiƙe, mai ne ya yi yawa don ka daɗe da rufe cok: ka shanya shi, ka kashe makunni, ka ja igiya sau da yawa babu fulogi, ka mayar, ka tayar cok a buɗe. Launin fulogi mai ba da labari ne. Ruwan ƙasa lafiya ce. Baƙi mai kunkunniya, matata ta toshe ko 2T ya yi yawa. Fari fat kuwa, inji na jin yunwar mai, ka tsaya nan da nan.

In ya tashi amma ya mutu da ka ba shi wuta, duba 'yar matatar da ke cikin tankin fetur. Kusoshin kafireta masu alamar L da H, ka bar wa makaniki. In igiya ta jawu sakwaf babu ƙarfi, fistin ya tafi. In sarƙa na gudu alhali ba ka matsa ba, kada ka yi aiki da shi sai an gyara.

Hatsari

Gefen sama na bakin takobi, in ya taɓa reshe sarƙa na gudu, inji ya kan yi tsalle zuwa fuskarka kafin ƙiftawar ido. Don haka ka riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi. Kada ka yi yanka sama da kafaɗarka, kada ka hau itace da shi. Tuɓe babbar riga da rawani, ka sa takalmi rufaffe, ka toshe kunne, ka kare ido. Yara su yi nisa, kai kuma kada ka tafi kai kaɗai, gama asibiti ba kusa ba.

Ga dagatai da masu unguwa

Dajin Rugu gandun gwamnati ne, ba a sara cikinsa sai da iznin ma'aikatan daji. A 2021, saboda rashin tsaro, Gwamna Aminu Bello Masari ya hana motoci ɗauko itace daga daji. Ku tambayi ofishin ƙaramar hukuma dokar da ke ci yanzu, ku san kuma ko wane mai inji da ke ƙasarku.

Cikin gonaki ku sa ido ga gawo, da ɗorawa, da tsamiya, da kanya. Mai gatari ya kan wuni kan gindi ɗaya har labari ya iso ku, mai inji kuwa kafin ku sa takalmi ya kayar. Wanda ke bukatar itacen wuta ko na gini, ku nuna masa bedi. In aka datse kansa da rani, aka bar gindin sama da inda akuya ta ke kaiwa, kafin damina ta fita ya sake tofo.