Mai Ɗauri Da Mai Kwancewa Cikin Jininka

Kai mai gida, da ke uwar gida, ku karanta wannan takarda, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Ka san in lauje ya yanke ka a gona jini ya kan zuba, jim kaɗan ya daskare ya tsaya. Abin da ya tsai da shi wani zare ne siriri da jini ke saƙawa a bakin ciwon, kamar komar masunta. Likitoci na kiran zaren nan fibirin. Shi ne mai ɗauri.

To, in ciwo ya warke, ina gudan jinin nan ke tafiya? Dubi mai lambu. Ya kan datse ruwa da laka, in fangali ya ƙoshi sai ya buɗe, ruwa ya wuce gaba. Haka jiki ke yi. Hanta tana yin wani abu da a ke kira filasminojin, tana zuba shi cikin jini. Yana yawo ba ya taɓa kome, kamar wuƙa cikin kube. Sa'ad da gudan jini ya gama aikinsa, sai bangon jijiya ya saki wani ruwa wanda ke zare wuƙar. Filasminojin ya zama filasmin, ya bi zaren nan yana tsinkawa har gudan ya narke. Shi ne mai kwancewa.

Muddin su biyun nan sun daidaita, kana lafiya. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, cuta ta samu.

IN MAI KWANCEWA YA YI GAGGAWA

Wannan ya fi samun mai jego. Bayan mabiyiya ta faɗi, jijiyoyin mahaifa suna buɗe. Dole mahaifa ta tsuke, jini kuma ya daskare, kafin zubar ta tsaya. Amma a daidai lokacin nan ne mai kwancewa ke ƙara ƙarfi. In mahaifa ba ta tsuke ba, ga shi kuma gudan jini na narkewa tun bai yi ƙwari ba, mace na iya rasa ranta cikin 'yan awoyi.

In jinin da ya zuba ya kai rabin lita, watau kamar cikin ledar ruwan sha guda, ya yi yawa. Haka kuma in ta jiƙa zane bayan zane, ko ta ji jiri, ko gumi mai sanyi ya keto mata.

Akwai allura mai hana mai kwancewa gaggawa, sunanta tiranekzamik. Wata likita a Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samo maganin a 1962. An gwada shi kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, aka ba da sakamako a 2017. An ga in an yi allurar kafin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In awa 3 ta wuce, ba ta da wannan amfani. A shekarar nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yi wa duk macen da jini ya ɓalle mata.

IN MAI KWANCEWA YA YI NAWA

Wani lokaci jini ya kan daskare cikin jijiya ba tare da ciwo ba, gudan kuma ya fi ƙarfin mai kwancewa. Sai hanya ta toshe.

In a ƙafa ne, sha-raɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo. Ya fi samun mai ciki, da mai jego, da wanda ya daɗe kwance, da wanda ya yi doguwar tafiya a mota bai motsa ba. Gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe.

In a ƙwaƙwalwa ne, baki ya karkace, magana ta harɗe, ɓarin jiki ya shanye. In a zuciya ne, ƙirji ya yi nauyi kamar an aza dutse.

A manyan asibitoci akwai allura mai ta da mai kwancewa ya narkar da gudan. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, ana so a yi ta kafin awa 4 da rabi. Sai an ɗauki hoton kai tukuna, gama wata shanyewar daga fashewar jijiya ta ke, allurar kuwa za ta ƙara ɓarna.

ABIN DA ZA KU YI

1. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta haihu a asibiti ko gaban ungozoma mai horo.

2. Mai gida, tun ciki na wata bakwai ka tanadi kuɗin mota, ka san direban da za ka tasa ko da tsakar dare. Ka bar izini, in ba ka nan a tafi da ita.

3. In jini ya ɓalle, kada a tsaya jiƙo ko hayaƙi. A murza mata mara, a sa jariri a nono, a kama hanya.

4. Kada mai jego ta wuni kwance. Ta riƙa tashi tana ɗan zagayawa cikin gida.

5. Kada a murza ƙafar da ta kumbura, kada a yi mata ƙaho ko tsaga. Ƙaho ba ya kai wa ga gudan da ke can ciki.

6. Wanda bakinsa ya karkace, kada a ɗura masa ruwa ko kunu, zai shaƙe. A lura da lokacin da abin ya fara, a gaya wa likita.

7. Ka bar shan taba, ka riƙa zuwa ana auna maka hawan jini.

Ko jini ya ƙi tsayawa, ko ya toshe hanya, kada ku ce bari gari ya waye. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.