Waƙoƙi sun hana shirin talabijin fitowa a faifai shekara 21

Shirin Amurka mai suna The Wonder Years ya ƙare a 1993, amma masoyansa ba su samu cikakkensa a faifan DVD ba sai 2014. Waƙoƙin cikinsa ne suka jawo jinkirin, domin izinin da aka saya tun farko na nunawa a talabijin ne kawai. Kafin a sayar da faifai, sai an biya ɓangare biyu kan kowace waƙa: mai haƙƙin rubutunta da kamfanin da ya naɗe ta. Da shirin ya hau Netflix a 2011, hatta muryar Joe Cocker da ke buɗe shi an musanya ta da ta wani. Sai da kamfanin Time Life ya bi masu haƙƙin ɗaya bayan ɗaya, sannan yawancin waƙoƙin suka dawo.